Motar Halliru Mai Shan Isansi

Yau da hantsi, bayan na bushe a layin mai har gumi ya gaji ya daina fito mini, Allah ya kai ni gaban famfo. Na ajiye galan, na kwance murfi, har na yi bisimilla. Sai ga wata a-kori-kura ta kutso ta gefe da ganguna a bayanta, ba layi, ba sallama. Mai famfo ya zare tiyo daga bakin galan ɗina ya kai wa gangunan, mu kuma muna tsaye muna kallo da ladabi irin na talakawan kirki. Gangunan na cika, famfo ya yi tari ya ɗauke.

Na ce, "Malam, mu hwa?"

Ya ce, "Kai haƙuri, Mai Albasa. Wanga na motar hukuma na."

Haka na rataya galan a kafaɗa na dawo gida, injin ban-ruwana yana can gonata a Garu bakinsa a bushe, albasa kuma ta fara kwantar da kai. Kada wani ya ce ƙorafi nake yi. Ni wa? Motar hukuma ai dole ta sha kafin albasa ta sha, don ba a taɓa jin an tarbi babban baƙo a kan albasa ba. Abin da kawai ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na san motar nan da ake magana. Na sha tuƙa ta da hannuna. Ba ta da taya, ba ta da tanki, ba ta da ƙofar da mutum zai buɗe ya shiga, kuma duk tsawonta bai kai babban yatsana ba.

Bari in faro muku daga tushe, ku masu karanta jarida a birni da ke zaton mu mutanen bakin iyaka ba mu san zamani ba.

Halliru ɗan maƙwabtana ne, a gabana ya girma, shi ya sa har yau Kawu yake ce mini. Kabu-kabu yake yi a da, yana ɗaukar mutane da kaya a babur tsakanin Illela da Konni, har ranar da wata babbar mota ta matse shi ya faɗa kwalbati. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙafa ta kama, amma a karkace ta kama, kuma tsohon ya gaya masa a gabana cewa in ta sake karyewa kada a kawo masa, don babu sauran wurin ɗori. Halliru ya sayar da babur. Ranar da mai saye ya tura shi ya fita daga gidan, matarsa Jamilatu ta soya waina ta raba wa unguwa sadaka. Ban taɓa ganin macen da ta yi murnar rabuwa da dukiya kamarta ba.

Da abin da babur ya bari ya sayo wani akwati, jim kaɗan bayan an sake buɗe iyaka. Wani Bature malamin makaranta ne a Konni zai koma ƙasarsu, ya ga tsohuwar na'urar ba ta cancanci ya yi dakonta ba. Rediyo na ce wa irinta na'ura mai ƙwaƙwalwa, 'yan boko na cewa kwamfuta, mu kuwa akwatin Halliru muka sani. Abu ne mai madannai irin na tafireta, a jona shi da talabijin, a sa kaset a rikoda ya yi ta kuka har kanka ya fara sarawa, can sai titi ya bayyana a gilashi da 'yar mota ja a tsakiyarsa. Akwai wata 'yar sanda da ake riƙewa. Ka karkata ta dama mota ta yi dama, ka karkata ta hagu ta yi hagu. A gefen gilashin akwai wani layi mai raguwa da kalmar Faransanci a kansa, 'yan canji suka karanta mana suka ce isansi ne, wato fetur a bakin mutanen Konni. In layin ya kusa ƙarewa sai ka bi ta kan hoton ganga a titin, ya cika fal, ba layi, ba mai famfo.

Halliru ya kafa rumfa a bakin tasha, ya samo ɗan ƙaramin janareta, kasuwa ta buɗe. Kuma kada ku zaci yara ne ke cika rumfar. Direbobi ne masu furfura, waɗanda motocinsu ke tsaye a layin mai tun ba su tuna yaushe ba. Mutum ya bar yaron motarsa... a'a, ya bar takalminsa ma a layi, ya zo ya kama sanda ya huce takaicinsa. A duk faɗin Illela motar nan kaɗai ce ke gudu. Da ita Halliru ke ciyar da gidansa yana zaune a inuwa, ƙafarsa a miƙe a kan benci, Jamilatu kuma tana barcinta da ido biyu a rufe.

Da bazara ta kankama sai motar ta fara gardama. Ba mutuwa take yi ba. Hoton ne ke yankewa. Ka gan ta nan ta daskare, kafin ka ƙifta ido ka gan ta can gaba ta riga ta wuce kwana ta shiga daji. Ka karkata sanda yanzu, ita kuma sai ta gama abin da take yi sannan ta amsa, kamar masinjan ofis. Abokina Maccido, wanda ya tsufa yana tuƙa fijo a hanyar Sakkwato, ya kasa kunne a jikin talabijin ya ce, "Hwalogi na. Ko kabureta ta toshe. In kun ban sukudireba yanzu in gyara ta." Allah ya so Halliru bai ba shi ba.

Shi dai Halliru ya bi abin a hankali, yana gwada wannan yana gwada wancan, don shi ma lalube yake yi. Ya kwance bayan akwatin ya hura da famfon keke, ƙurar tasha ta fito har da gidan zanzaro. Ya goge bakin rikoda da auduga. Ya juya kaset da biro don ya daidaita. Ya sauya wayar da ɓera ya ɗanɗana. Ya ɗora akwatin a kan bulo don iska ta ratsa ta ƙasa, ya jiƙa buhu ya shimfiɗa a kan kwanon rumfa, mai jiran layin wasa kuma a miƙa masa mafici ya riƙa yi wa na'ura fifita. Abin ya yi sauƙi ƙwarai. Da safe mota na gudu lafiya, rana na take tsaka ta ɗan yi nauyin jiki, la'asar na yi ta warware. Tsufa ne da zafi, irin ciwona, kuma da an bar mu haka da har yau muna lallaɓawa.

To amma Allah ya albarkace mu da shugabanni masu hangen nesa. A garin nan muna da wani abu wai shi Kwamitin Shigo da Zamani, a ƙarƙashin wani bawan Allah da zan kira Mai Girma Uban Zamani, Allah ya ƙara wa rigarsa faɗi. Tun tuni kwamitin ya yi mana alkawarin na'ura mai ƙwaƙwalwa ta gari. Kuma ba a zauna ba, gaskiya ɗaya ce. An gina mata ɗaki, an shafa fenti, an sa labule, an kafa allo mai ɗauke da sunan kwamiti da manyan baƙaƙe, an ɗauki maigadi da mai shara. Na'urar ce kaɗai ba ta iso ba. Duk wanda ya tambaya sai a ce masa tana kan teku. Ni dai na zagaya Illela kaf ban ga inda jirgin ruwa zai tsaya ba, amma wataƙila shi ma an kafa masa kwamiti.

Kwatsam sai labari ya zo cewa wani Babban Baƙo zai taso daga birni ya ga na'urar da idonsa. Nan take Uban Zamani ya tuna cewa yana ƙaunar Halliru. Ina zaune a rumfar ya iso, shi da sakatarensa, wanda zan kira Sarkin Alƙalami saboda birai uku... afuwan, saboda jerin alƙaluman biro da ke aljihunsa, waɗanda ban taɓa ganin ɗaya ya yi rubutu ba.

Uban Zamani ya ce, "Halliru, arziki yaz zo maka har gida. Aron akwatinga za mu yi, don kishin gari."

Halliru ya durƙusa a kan ƙafarsa mai lafiya ya ce, "Ranka ya daɗe, da ita ni ka ci da iyali."

"Wa yac ce kwace ta za a yi? Baƙo na tahiya ka ɗauki abinka." Ya ɗaga kai ya dubi kwanon rumfar, ya ƙara da cewa, "Wagga rumhwa ma, wa yab ba ka izinin kahwa ta nan? Bari dai, mu ba mu son tone-tone."

Kun ji irin tausayin da nake gaya muku. Mutum yana da ikon tone-tone amma ya haƙura. Kafin azahar an kwashe akwati da talabijin da rikoda da janareta, an haɗa da Halliru kansa, don babu wanda ya iya kunna abin sai shi.

A ɗakin kwamiti ne ciwon motar ya tashi gadan-gadan. Ɗakin ba shi da wuta, don ita ma wutar tana kan teku, saboda haka duk abin da manya ke bukata a ɗan janaretan Halliru aka jona shi. Aka kawo firji don lemon 'yan kwamiti. Aka kawo fankoki, kowane babba da tasa tana kallonsa. Aka kawo butar lantarki ta shayi. Janareta ya riƙa nishi yana karkarwa, hoton ya tsuke, mota ta koma tafiya da ƙyar, ta matsa ta tsaya, ta matsa ta tsaya. Da manya suka ga haka hankalinsu ya tashi, suka kira zaman gaggawa don gano musabbabi. Zaman gaggawa kuwa yana bukatar ƙarin mutane, ƙarin mutane na bukatar ƙarin fanka. Kullum aka zauna sai mota ta ƙara lalacewa, kullum ta ƙara lalacewa sai a sake zama. Wani ɗan kwamiti ya ba da shawarar a doki gefen talabijin, aka doka. Wani ya ce a kashe a kunna, aka kashe aka kunna, aka sha lemo ana jiran kaset ya gama kukansa. Wani ya ce baki ne ya kama ta, aka yi hayaƙi.

Sarkin Alƙalami ne ya warware matsalar, kuma ya kamata a ba shi lambar girma. Ya matso kusa da gilashi, ya ɗora bakin biro a kan layin nan mai raguwa.

Ya ce, "Mi anka rubuta nan?"

Aka ce, "Isansi."

"To, ku dibi layin. Ƙasa shi ka yi ko bisa?"

Aka ce, "Ƙasa."

Ya juya ya dubi Uban Zamani ya ce, "Ranka ya daɗe, mota ta hwaɗi ciwonta da bakinta. Mai na babu."

Halliru ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wanga man cikin hoto shi ke. In ka bi ta kan ganga..."

Uban Zamani ya katse shi. "Ka ji ko? Shi ma ya ce ganga. A rubuta ganga."

Washegari aka kira mai fenti ya rubuta lamba a gefen talabijin, irin wadda ake rubuta wa motocin ofis. Daga ranar 'yar motar nan ta shiga sahun motocin kwamiti, tana da rabonta na mai duk mako, a ɗebo mata ba tare da layi ba. Wasu na cewa jahilci ne ya sa haka, ni kuwa ba zan zauna a ci mutuncin shugabannina ba. Ba jahilai ba ne ko kaɗan. Da kalmar da Turancin Ingila aka rubuta ta, wataƙila da sai an yi dogon tunani. Amma isansi? A garin nan ko jinjiri ya san cewa abin da ya kwana yana fetur a Illela, in ya wayi gari a Konni ya zama isansi, kuma ya fi daraja da sabon sunansa. Mota ta riga ta faɗi sunan da take so a kira man, ai ka ga ta faɗi inda za a kai shi ke nan. Janareta dai bai ga ko ɗigo ba. Shi daga wajen 'yan bumburutu ake sayo masa, wanda aka sirka da kananzir.

Ana nan sai aka yi haihuwa a gidan Uban Zamani. Ranar suna aka zo aka kwashe firji da fankoki da butar shayi, aka kai can don baƙi, 'yan kwamiti duk suka bi kayansu. Ni da Maccido muka ce bari mu leƙa Halliru, tun da an bar shi shi kaɗai. Muka tarar ya kunna akwati don kada ya yi barci. Jama'a, motar nan gudu take yi kamar ranar da aka sayo ta. Titi na zuwa sumul, ba yankewa, ba daskarewa, sanda na motsi tana amsawa. Janareta ya daina nishi. Maccido ya fizge sandar ya sha kwana uku a jere yana dariya har hularsa ta faɗi. Ni kaina sai da idona ya kawo ruwa, don na yi kewar abin ba kaɗan ba.

Halliru ya dubi ramukan da aka zare wayoyin, ya dubi mota, ya ce, "Kawu, ashe su na ciwon."

Ya miƙe zai ɗingisa gidan suna ya kai albishir, Maccido ya riƙo rigarsa.

"Ina za ka? Zamna. Kak ka hwaɗa ma kowa."

"Don mi, Baba Maccido? In ta yi gudu gaban baƙo sun ji daɗi, su ban abina."

"Kai yaro na. Taho ka gani." Ya ja shi bakin taga ya nuna masa bayan ɗakin, inda wasu tsofaffin taraktoci ke kwance a kan duwatsu, awaki na shan inuwarsu. "Wa ka taɓa ji ya tambayi waɗanga? Abin da yam mutu ba mai waiwaya tai. Abin da ka aiki shi a ka riƙewa. In baƙo yag ga ta tana gudu haka, wallahi cikin but ɗin motatai za ta kwana. Bar ta ta yi ta jan ciki, su gaji su ce zo kwashe tsiyarka."

Magana ce ta mutumin da ya ga jiya, kuma babu wanda zai ji ta ya ce ba hankali a ciki. Halliru ya koma ya zauna. Da aka dawo da firji ya karɓi wayar da hannunsa ya jona.

Ana gobe baƙo zai zo, na bi ta ƙofar gidansu da la'asar, Jamilatu ta ji muryata ta yi mini magana daga bayan ƙyaure.

Ta ce, "Kawu, ina wuni. Don Allah in kun ga da hali ku sa baki. Hatsinmu ya kusa ƙasa, ban damu ba, mu sha kunu. Ni dai kas shi koma bisa babur."

Na ce mata in Allah ya so jibi war haka akwati na rumfa. Na faɗa da ƙarfi kuwa, irin na mutumin da bai taɓa zama ɗan kwamiti ba.

Ranar taro gari ya cika. An kafa rumfunan tamfol, an share hanya, an kori awaki daga ƙarƙashin taraktoci. Aka ƙara wa janareta lasifika da wasu ƙwayayen wuta masu launi da aka zagaye allon kwamiti da su da rana tsaka. Uban Zamani ya yi jawabi ya ce daga yau Illela ta shiga gaban biranen duniya, aka tafa. Sannan aka zaunar da Babban Baƙo a gaban talabijin, aka miƙa masa sanda, Halliru na tsugune a gefe yana addu'ar Allah ya sa abin ya ba da kunya.

Addu'arsa ta karɓu fiye da yadda ya roƙa. Ban taɓa ganin motar ta yi nauyi kamar ranar ba. Ta matsa, ta tsaya ta huta, ta sake matsawa. To ashe abin da Babban Baƙo ke bukata ke nan. Kafin kwana ta iso ya gan ta tun daga nesa, ya gyara hannun riga, ya nemi shawarar na kusa da shi, sannan ya karkata sanda. Haka ya bi titin nan kaf bai taɓa ko ciyawa ba, abin da Maccido da duk shekarunsa a kan sitiyari bai taɓa yi ba. Maroƙi ya ɗauka, yana kiransa direban da bai san karo ba. Fuskar baƙo ta cika da annuri.

Ya ce, da Hausarsa irin ta rediyo, "Madalla da wannan aiki. Na gamsu. Sai dai na lura motar ba ta da ƙarfi sosai. Mene ne dalili?"

Sarkin Alƙalami ya rusuna, ya kai bakin biro kan layin isansi, wanda a lokacin ya kusa ƙarewa, don baƙo ya kauce wa duk gangunan da ke titin yana zaton shinge ne.

"Ranka ya daɗe, ga shi kana gani. Man da a ka ba mu ba ya isarta."

Babban Baƙo ya girgiza kai cikin takaici, ya ce ba zai yiwu a bar zamani da ƙishirwa a zamaninsa ba. Nan take ya ba da umarni a ninka mata rabonta. Aka yi tafi har da guɗa. Na waiwaya in ga Maccido, na hango ƙeyarsa yana sulalewa ta bayan rumfa.

Da baƙo ya tafi Halliru ya je karɓar kayansa. Sarkin Alƙalami ya tarbe shi da fara'a, har da ba shi kujera, ya yi masa bayani dalla-dalla cewa motar da ke kan aiki ba a fitar da ita daga hannun hukuma, musamman wadda manya suka yaba da ita a bainar jama'a. Sai Halliru ya fasa ƙwai. Ya ce a zare firji da fankoki a gani, ba mai take bukata ba, lafiyarta ƙalau. Sakatare ya tashi ya rufe ƙofa a hankali, ya dawo ya ce masa shi bai ji wannan magana ba, kuma yana ba shi shawara a matsayin ɗan'uwa kada wani ya ji ta. Tun daga ranar ba a sake kunna akwatin ba. An lulluɓe shi da farin ƙyalle, an kulle ɗakin, janareta ya koma gidan Uban Zamani don kada ya yi tsatsa. Mota na kwance a cikin duhu tana shan rabonta ninki biyu, kuma ba a taɓa jin ta yi gardama ba.

Kada ku ce an watsar da Halliru. Shugabanninmu ba haka suke ba. Da aka ga ya yi ta zarya, rumfarsa ba kowa, gidansa ba hayaƙi, sai Uban Zamani ya tuna cewa kowace mota tana da direba, kuma aikin direba ne ya kula da man motarsa. Aka ba shi aiki. Aka ba shi aron babur.

Ɗazu da la'asar na same shi a wani lungu bayan tasha yana ɗaure jarkoki, biyu a kowane gefe, wasu a baya har sun fi kansa tsawo. Ba ta titi ake bi da irin wannan kaya zuwa Konni ba. Ta cikin gonaki ake ratsawa, ta yashi da kwazazzabai, kuma da gudu, don akwai masu jira a hanya da ba a so a gaisa da su. Ya zagayo ta ɗaya gefen ya buga kik da ƙafar hagu, don ta dama ba ta iyawa.

Na ce, "Halliru, Jamilatu ta sani?"

Ya ce, "Ita ta ɗaure man ƙahwar da zane da sahe. Ba ta ce komi ba, Kawu. Da ta yi hwaɗa ma da ya hi man sauƙi."

Na ce masa ya bi a hankali.

Ya yi 'yar dariya. "A hankali ai ita ta kawo mu nan." Ya gyara zama, ya ja ƙafar da hannu ya ɗora ta a kan ƙarfe. "Ka san abin da ni ka tunawa? Cikin akwatin in ka yi karo, gilashi ya ɗan yi wuta, sai a aje maka sabuwar mota tsakiyar titi, ka ci gaba."

Ya ja babur ya fita, jarkoki na rangaji. Na tsaya ina sauraren ƙararsa har ta ɓace ta wajen arewa, kuma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ba ta yi mini daɗi ba, har yanzu da nake rubutun nan ba ta dawo daidai ba. Na san akwai wata a bayan ƙyaure da za ta fi ni daɗewa tana saurare.

Amma a yaba wa kwamiti, don ya cika aikinsa. An ce a magance rashin gudu, an kuwa magance. Motar dai ba ta motsa ba, amma ku zo ku ga gudun da man nata ke yi.